Mai Buga Bututu

Kiret ɗin ƙwai ɗari biyu Ustaz Rif'at ya manna a bangon ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, don kada ƙarar kiɗa ta fita. Ya rufe ƙofa, ya ɗora faifan garmaho, ya ƙure lasifika. Sarewa ta wuce lafiya. Ganga na shigowa, sai bututun ruwan da ya sauko daga saman bene ya ɗauka: ƙwan, ƙwan, ƙwanƙwaran-ƙwan.

Ya dafe kai. Hajiya Ni'mat ce, mai gidan, tsohuwar da ke hawa na uku.

Shekara talatin ya yi yana yankan tikiti a jirgin ƙasa. Ya yi ritaya da nauyin kunne, da kuma faifai guda da ya tsinta a kasuwar Juma'a, wani kiɗan biki na zamanin da, har takardar jikinsa ta goge. In bai ƙure ba, ba ya jin gangar, ga shi gangar nan ita ce ransa. Kullum bayan la'asar yana sawa, kullum sai an buga masa bututu tun daga shigowar ganga har faifan ya ƙare.

Hajiya kuwa ba ta wasa. Ta taɓa korar ɗan haya saboda zakara. In ta kore shi, wa zai ba tsoho ɗaki a unguwar Shubra? Ba ta taɓa yi masa maganar ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. In sun haɗu a matakala sai ta amsa gaisuwa a taƙaice, yatsunta na ta kai-kawo a kan ƙarfen dafawa, shi kuma ya sulale.

Da kiret ya gaza, sai ya kira Usta Hilmi, gwanin shiɓar auduga da ɗinkin katifa.

"Ya Ustaz, mu amarya muke yi wa katifa," in ji Usta yana kallon bangon. "Ko bangon ne zai yi aure?"

"Ɗinka kawai, ya Usta. Bakinka ya fi allurarka sauri."

Aka farke katifu uku, har da ta marigayiya mahaifiyarsa. Aka lulluɓe bango da rufi, aka toshe ƙasan ƙofa, shi kansa bututun aka naɗe shi da bargo kamar yaro mai zazzaɓi. Rif'at ya ƙure lasifika, ya tsaya yana jira.

Shiru. Ko ƙwan ɗaya.

Kwana huɗu ya yi yana shan shayinsa cikin zufa da murna, ko da yake gangar ta ɗan yi masa lami, bai san dalili ba.

Rana ta biyar, kwandon da Hajiya ke zurowa da igiya don sayen burodi ya tsaya daidai tagarsa. Takarda ce a ciki: "Ka hawo."

Ya sa kwat ɗinsa ta biki, ya sayi kek ɗin basbusa mai zaƙi, ya hau yana harhaɗa ban-haƙuri a kowace matakala.

Ya tarar da ita a kicin, zaune kan kujera ƴar tsugunno kusa da bututun, da cokula biyu na tagulla a cinyarta. Fentin bututun ya goge a wajen, yana sheƙi.

"Hajiya, wallahi na gyara. Ba za ki ƙara jin komai ba."

"Na lura ai. Kwana huɗu ina zaune nan kamar mai takaba." Ta ture basbusar gefe. "Saurara, ɗana. Ko ka cire audugar nan kafin la'asar, ko ka kwashe kayanka. Tun da hannuna ya daina ɗaukar ganga ban sake jin faifan nan ba sai da ka tare a gidan nan, kuma ni na kaɗa gangar da ke cikinsa."