Katako Biyu a Gefen Kwalekwale

Kawu Shekarau, yau kwana arba'in da muka kai ka makwancinka, kuma har yanzu in na ga abin dariya sai in waiga ina neman idonka. Na zauna ne in rubuta misalin nan da ka ba ni a gindin tsamiya kana ɗinkin komar kamun kifi, lokacin da nake zarya ƙofar gidan su Tasalla sau uku a rana, da jar riga da hon ɗin babur, ita kuwa da ta ji ƙarar sai ta shige ɗaki. Karatuna bai yi nisa ba, ka sani. Tsoro nake kar maganarka ta zube mini a hanya.

Ka ce an yi wani masunci a bakin wani babban tafki, matarsa ta haifa masa ɗan fari. Murna ta ɗebe shi, ya sayo fenti ya shafe kwalekwalensa ja wur, sannan ya aika wa dangin mai jego cewa kada kowa ya wahala neman nama: ran suna giwan ruwa zai kawo, irin wanda sai mutum biyu sun kama. Magana ta fita, ba ta komawa. Shi kuwa sana'arsa jan fatsa ce. Yakan ɗaura dalma a zare don ƙugiya ta nutse, ya soka ɗan kifi, ya sake ta a bayan jirgi, ya yi ta tuƙi a hankali. To, a lokacin damina ta wuce, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau har ana hango yashi. Kwana ɗaya, biyu, huɗu, ko ɗan tarwaɗa bai lasa ba. Ya ƙara dalma. Ya sake koton da yake sokawa a ƙugiya. Ya zargi mai sayar da ƙugiya, ya zargi bakin mutane. Kullum ya dawo sai ya tarar da kakar matarsa, abokiyar wasansa, zaune a bakin gaɓa da ƙaton kwando.

"Angon ƙarni, ina giwan namu? Ko ya tafi aikin hajji?"

"Yana hanya, tsohuwa. Ke dai ki tanadi haƙora."

"Haƙori biyu gare ni, sun ishi abin da kake kamowa."

Ran kwana na biyar, gajiya ta sa ya ajiye filafilin tuƙi ya miƙe tsaye don ya miƙar da baya, jirgi na tafiya da kansa. Nan ya ga abin da bai taɓa gani yana zaune ba. Kifaye ne fal a gabansa, manya da ƙanana, amma da inuwar jirgin ta doso sai su dare biyu, kamar 'yan kasuwa sun ga amalanke, wasu dama wasu hagu, su tsaya can gefe suna kallonsa ya wuce. Ƙugiyarsa kuwa tana biye da shi a tsakiyar hanyar da shi da kansa ya share. Ya yi dariya har jirgi ya nemi kifewa. Ya ce a ransa, ashe kwana biyar ina yi musu sallama ne kafin in iso.

Ya koma gida ya ɗauko wani tsohon filafili da ya karye, ya yanka faffaɗan bakinsa gida biyu. Ya fiƙe goshin kowane a karkace, ya buga dalma a gefen ƙasa don katakon ya tsaya a ruwa a tsaye kamar wuƙa, ya ɗaura igiya a cikinsa, fatsar kuma ya maƙala ta a wutsiya. Da safe ya saki ɗaya dama, ɗaya hagu. Yana fara tuƙi, ruwa ya bugi goshin nan mai karkata, katakai suka yi ta buɗewa, suna nisa da jirgi, kowane na jan ƙugiyarsa zuwa daidai inda kifayen ke tsayawa kallo. Hantsi bai gama ɗagawa ba na hagu ya tsaya cak, ya ja da baya, ya nutse. Sai da suka kai azahar suna kokawa, shi da kifin. Ran suna mutum biyu ne suka shigo da giwan ruwa a sanda, wutsiya na share ƙasa. Tsohuwa ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Ba laifi. Amma katako ne ya kamo, kai tuƙi kawai ka yi." Kan kifin kuma ita ta cinye.

Da ka kai nan sai ka ci gaba da ɗinkinka, ni kuma na tashi ina fushi. Sai bayan ka kwanta ciwo na gane nufinka, na jingine babur, na ninke jar riga. Na bar Gwaggo Asabe ta riƙa zuwa gidansu sayen daddawa, na bar ƙanwata ta riƙa kai mata lalle. Ni ko inuwata ba su sake gani ba.

Jiya Gwaggo ta kira ni bayan rumbu ta raɗa mini cewa Tasalla ta ce a turo manya. Kawu, kai ne babban da na so in tura. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna ba ta sani ba. Na ce sai ka fara ji. Allah ya kai haske kabarinka. Kai da Hausawa kun yi gaskiya: kifi na ganinka, mai jar koma.