Kaka Vinko Ya Sake Nutso

Kaka Vinko da matarsa Zorka ba su rasa komai ba a tsibirinsu, sai ganin sabon jikan da 'yarsu ta haifa a Jamus. Mirta, yayar jaririn, wadda ta zo hutu, ta yi wa mahaifiyarta alkawarin ba za ta dawo ba sai da su.

Ranar tafiya Vinko ya shigo cikin rigar nutso, ruwa na zuba.

"Wayyo, na manta! Na shiga ƙarƙashin teku."

"Tsohon banza!" in ji Zorka. "Kai da ka koyar da nutso shekara da shekaru? Wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana, in ba haka ba iska ta yi masa kumfa a jini!"

Aka ɗage tafiya. Ranar da aka sake sawa, ya sake mantawa. Zorka har da jifansa da tawul.

A karo na uku Mirta ta tashi da wuri don ta tare hanyar teku. Sai ta ji murya a bayan gida. Ta leƙa.

Ga Vinko tsaye cikin rigar nutso, yana rawar sanyi. Ga Zorka tana zuba gishiri a bokitin ruwa tana watsa masa, don ya zama kamar ruwan teku.

"Juyo, tsoho, bayanka bai jiƙe ba. Yau ma zan jefe ka da tawul, ka kauce."

Nan Mirta ta gane su biyun duka tsoron jirgin sama suke yi.