Gwajin Kwanan Wata

"Na saka lambar ma'aikaci ta gwaji," in ji oga. "Sa kwanan watan yau, ki danna."

Wata da watanni ina gyara manhajar kamfaninmu, don ta riƙa rufe kwamfuta da katin ƙofar duk ma'aikacin da aka sallama bisa kalanda da agogon ƙasarsa, ba na hedkwata ba. Na sha gori daga abokan aiki: "Mace da lissafin lokaci? Je ki ɗora tukunya!" Ban taɓa yi musu kuka ba.

Na danna. Kwamfutata ta mutu. Ofis ya kaure da tafi.

"Aiki ya yi kyau," in ji oga. "Lambarki ce na saka. Mun gode."

Na ɗauki jakata, kaina a sama. Katina ya ƙi buɗe ƙofa.

Na yi murmushi. Ko daƙiƙa ɗaya aikina bai kuskure ba.