Ruwan Gishiri da Sukari

Ina da shekara tara ambaliya ta kore mu daga ƙauyenmu, muka fake a wani aji a Haɗeja. Ran nan da la'asar ƙanwata Zara na kwance a tabarma, gudawa ta galabaitar da ita. Baba, wanda malamin kimiyya ne, ya tsuguna yana haɗa mata ruwan gishiri da sukari a kwanon sha.

"Matso ka gani," ya ce da ni. "Gishiri in ya shiga ruwa rabuwa yake yi gida biyu, kowane ɓangare da cajinsa na lantarki. Sukari kuwa narkewa kawai yake, ƙwayoyinsa ba sa rabuwa. Maimaita."

Na maimaita. A bayansa na ga Inna ta ja zane ta rufe fuskar Zara.

"Malam, ajiye kwanon nan," ta ce a hankali.

Bai waiwaya ba. Cokalin na ta bugun kwano.

"Sake faɗa mini," ya ce.

Sau huɗu na faɗa masa, ina jin haushin bai kula ba. Sai da na haifi nawa na gane ya riga ni sani, juyawar ce ya kasa.