Shafin Dukawa Ya Buɗe Fari Fat

Tun da ka ce aiki ya ƙare, saura ɗorawa a intanet kawai, dakata in ba ka misalin wani mai gina shafukan intanet. Gwani ne, ba na rage masa komai, sai dai irin gwanayen nan ne da ba sa son a ga sun sunkuya. Kawunsa baduku ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, da ɗinkin jaka da kube aka yi masa karatu. Wata rana wata 'yar kasuwa daga wata ƙasa ta aiko wa dukawan unguwar cewa tana neman masu yi mata kayan fata. Ba za ta iya zuwa ba, sai dai su nuna mata aikinsu a intanet a ranar da ta sa, domin a ranar za ta zaɓa tsakaninsu da dukawan wani gari. Suka so su kai wa wani kamfani aikin gina musu shafin. Kawun ya miƙe a tsakiyarsu ya bugi ƙirji, ya ce ga ɗansa a gida, don me za a kai wa bare? Suka yarda saboda furfurarsa.

Mutumin ya zage damtse. Rumbun da zai riƙe hotuna da bayanai, da hanyar da za a bi a zaƙulo kowace jaka, duk ya ƙera su tsaf, har yana yaba wa kansa. Amma akwai wasu 'yan ƙananan fayiloli, su ke ba kowane shafi siffarsa, su ce hoto ya zauna nan, suna ya zauna can. In babu su, komai yawan kayan da ke ciki ido ba zai ga ko ɗaya ba. Waɗannan ya raina. Kwalliya yake ce musu, aikin 'yan koyo. Ya yi su a gurguje ya watsa a wani lungu na kwamfutarsa, kuma a kwamfutar tasa komai ya yi kyau, tun da fayilolin suna gida. Har ya nuna wa kawun, tsohon ya ga jar jakarsa a jikin gilashi, ya kai yatsa ya shafa ta yana murmushi. To manhajar da ke kwasar aiki ta kai shi babbar kwamfutar da duniya ke leƙawa tana da hali irin na mai lodi a tasha: buhun da ba a yi wa alama ba, nan take barinsa. Shi kuwa bai yi wa fayilolin nan alama ba. Ta kwashi sauran, ta ce masa an gama. Ko ya ari wayar wani ya buɗe ya gani, ina! Me zai duba a aikin da ya fito daga hannunsa? Ya rufe kwamfuta ya tafi ɗaurin auren abokinsa a wani ƙauye da babu sabis.

Yana can yana cin shinkafa yana ba abokai labarin gwanintarsa, dukawa na zauren kawunsa sun sha manyan riguna, sun kewaye waya ɗaya. Matar ta buɗe shafi daga can ƙasarta, ya fito fari fat, sai layi ɗaya na Turanci mai cewa ba a sami fayil ba. Ta sake, ta sake, ta kira su. Suka yi ta neman wayarsa ba ta shiga. Da yamma ta ba dukawan wancan garin aikin. Shi bai san wainar da ake toyawa ba sai da motarsu ta hau kwalta, saƙonni suka fara shigowa. Da ya iso gida, gyaran bai ɗauke shi lokacin da shayi zai huce ba. Shafi ya buɗe, ga jar jakar nan tana sheƙi, ba mai kallonta.

Ya tarar da kawun shi kaɗai a zaure yana mayar da jakunkuna jikin ƙusa. Ya so tsohon ya zage shi, ko ya sami sauƙi a ransa. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Allah bai nufa ba. Ka ci abinci kuwa?" Wannan ya fi masa zagi ciwo. Tun daga ranar kawun bai ƙara miƙewa ya yi magana a taron dukawa ba, yakan zauna a baya ya yi shiru har a tashi. Mutumin kuwa har yau ba ya ɗora aiki sai ya buɗe kowane shafi a wayar wani, amma hakan bai dawo wa tsohon da muryarsa ba. Gaskiyar masu iya magana, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.