Taɓi Biyu a Kafaɗa

Tela ya cusa auduga a kunnuwansa, ya durƙusa gaban bututun albarushi na ƙarshe. Shi ya kawo kansa taya aikin wasan wutar unguwa, duk da matarsa ta hana. "Aikin da ya cinye wa Babanka yatsu biyu, Allah ya jiƙansa, shi za ka gada?"

Ƙa'idar ɗaya ce: mai kunnawa ba ya ji, don haka abokin aiki ke tsayawa bayansa. In ya taɓa kafaɗarka sau biyu, ka ruga.

Ya kunna lagwanin. Shiru, ko hayaƙi babu. Ya sunkuya zai leƙa, sai ya ji taɓi biyu. Ya kwasa da gudu. Bututun ya tarwatse daidai inda fuskarsa take.

Ya zare audugar, ya rungume abokin aikinsa Direba. "Ka ceci raina!"

Direba ya zaro ido. "Ni? Wallahi ruwa na je ɗebowa."

A gida matarsa ta karɓi rigarsa za ta jiƙa, sai ta tsaya cak. A kafaɗa ga shatin hannu, baƙi ƙirin. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

Yatsu uku ne.