Kifin Auta Ya Ƙi Ci

Kwana na uku ke nan ƙwayoyin abincin suna yawo a saman ruwa, su jiƙe, su nutse, kifin bai ko kalle su ba. Baba Nas ya manna hanci a jikin gilashin tankin.

Shekara talatin da biyu ya yi yana jinyar mutane a asibiti, kuma bakinsa bai taɓa gajiya da faɗin cewa babu majinyacin da ya ƙi abinci a hannunsa ba. Wannan alfaharin ne ya kashe kifin 'yarsa Auta bara. Ta bar masa shi na kwana biyar kacal, ya dinga ɗura wa bawan Allah abinci har cikinsa ya kumbura, ya ce ga garinku nan. Sati biyu yarinyar tana gaishe shi ba ta ɗaga kai.

Shi ya sa da tafiyar aiki ta sake taso mata, ya kafe sai an ba shi sabon kifin ya wanke kansa. Ta yi ta kame-kame, daga baya ta kawo tankin da kanta, ta ajiye a lungun falo inda haske bai cika kaiwa ba. Kifin ado ne, irin wanda ake kira beta, ja wur, wutsiya baje kamar mafici. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a sa hannu a ruwan, ba ya son a taɓa shi.

To ga shi, wancan ci ya kashe shi, wannan kuma ya rantse ba zai ci ba.

Baba Nas ya buɗe masa fayil. Ya auna zafin ruwa, ya zuƙe rabinsa da tiyo ya zuba sabo. Ya hana kunna talabijin, ya yanka wa maƙwabta lokacin dubiya. A takarda ya rubuta: "Majinyaci ba ya barin gefen dutse. Launi bai dushe ba, alhamdulillahi. Idan an kashe injin da ke hura iska a ruwan, sai ya yi lamo."

"Malam, da ka sa tabarau ɗinka mana, ka duba shi da kyau," in ji matarsa.

"Idona garau yake. Da shi nake nemo jijiyar jarirai."

Ta toshe baki da mayafi ta shige kicin, kafaɗunta na rawa. Tausayinta ya kama shi. Ashe ita ma kifin ya shiga ranta haka!

A kwana na biyar ya je shagon masu kifin ado, ya zayyana alamomin ciwon ɗaya bayan ɗaya. Aka ba shi busassun tsutsotsi da ɗan gishirin tanki. Ya dawo ya gwada, kifi ko gezau. Daga nan shi ma abinci ya fita ransa, sai ya tura kwano gefe ya koma gadin majinyaci.

Washegari shaiɗan ya raɗa masa ya sayo wani mai kama da shi ya musanya. Har ya sa takalmi, sai ya cire. Mutumin da bai taɓa yi wa dangin majinyaci ƙarya ba, da tsufansa zai fara, kuma a kan 'yarsa?

Ranar da Auta ta dawo, ya tare ta a bakin ƙofa, hannuwa a baya, irin tsayuwar da yake yi a asibiti idan labari ba daɗi.

"Auta, ki yi haƙuri. Wallahi na yi iya yina. Kwana bakwai, ko ƙwaya ɗaya bai..."

Ta dubi fayil ɗin, shafi tara cif. Ta dubi yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta juya ga mahaifiyarta, ita kuwa ta hau kallon silin. Sai Auta ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu cikin tankin.

"Ke! Za ki ƙarasa shi!"

Ta ɗago kifin ta wutsiya, wani siririn zare na biye da shi har zuwa jikin dutsen. Ta goge shi da tawul, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Na gaskiyar yana gidan ƙawata. Wannan na roba ne, a shagon kayan wasan yara na saye shi."